Baƙin Zaza

Tun kafin motar ta shiga ƙauye, wani dattijo ya tare ta da sanda a bakin gada. Yana sanye da 'yar riga ruwan lemo irin ta masu yi wa baƙi jagora, ta matse shi har maɓallan sun ƙi haɗuwa.

"Eteri ko? Sauke mutanenki, ta nan ya fi kusa."

Eteri ta yi ajiyar zuciya. Ba ta taɓa ganin Zaza jagora ba, ta saƙon waya suka shirya komai tana birnin Tibilisi, kuma ba ta zaci ya manyanta haka ba. Amma ba shekarun kowa ne damuwarta ba. Maigidanta na kamfanin yawon buɗe ido ya faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa sau biyu baƙi suna kai ƙararta a bana, idan aka yi na uku ta nemi wani aikin. Ga shi cikin Jamusawan da ta kwaso akwai wata Madam Hilde, wadda tun a hanya ta kushe kujera, ta kushe burodi, ta kushe direba.

Shirin yinin ba wuya: a ratsa daji, a hau kufan tsohon cocin da ke kan tsauni, a ɗauki hoto, a sauko a ɗanɗana giyar inabi. Dattijo ya shige gaba kamar wanda ake kora. Madam Hilde ta tambayi yaushe aka gina cocin.

"Ya daɗe," in ji shi.

"Wa ya gina?"

"Magina mana."

Eteri ta ƙirƙiro wani sarki ta fassara musu. Ana haka waya ta yi ƙara a aljihun rigarsa. Ya zaro ta, ya juya gaba ya juya baya, ya dangwale ta da yatsa, ya mayar da ita tana kukanta. Bini-bini ya ɗaga kai ya dubi duwatsu, inda wani hadari ya fara yin baƙi. Duk ɗan wannan yanki na Kaheti ya san irin wannan hadarin ƙanƙara yake ɗauke da ita a watan tsinkar inabi. Eteri kuwa 'yar birni ce, laima kawai ta tuna.

Da suka zo mararraba, allo ya nuna kufai na hannun dama. Dattijo ya yi hagu. Ba a jima ba daji ya ƙare, sai ga gonar inabi ta nuna har ta yi baƙi, ga akwatuna a jere, ga tulin almakasai a kan buhu.

"Faɗa musu al'adarmu ce," ya ce. "Ba mai hawa wurin ibada sai ya cika akwati ɗaya da hannunsa."

Ni dai a ƙauyen nan aka yanke cibiyata, ban taɓa jin wannan al'ada ba. Amma Jamusawa akwai girmama al'adar mutane. Suka naɗe hannun riga.

Akwati ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama ba iyaka. Mutumin da ya kasa jimla guda a kan coci sai ga bakinsa ya buɗe, yana bin layi yana zabga faɗa.

"Ke mai tabarau, kunnen jaki kike ja? Yanka daga sama!"

"Ya ce kin iya," Eteri ta faɗa wa Madam Hilde, gumi na karyo mata. Sannan ta ja shi gefe. "Baba, don Allah, abincina za ka zubar. Kufai fa suka zo gani."

"Kufai ba ya ruɓewa, 'yata. Riƙe almakashi."

Da rana wata tsohuwa ta kawo burodi mai zafi da cuku da tulun giya, ta ajiye, ta ƙi yarda ta haɗa ido da kowa. Aka ci a tsaye aka koma. Akwati na ƙarshe na hawa bayan tarakta, ƙanƙara ta fara zubowa kamar tsakuwa. Aka kwasa a guje, masu furfura da masu tumbi, har cikin rumfar wani gida a gindin tudu. Kufai dai ko inuwarsa ba wanda ya gani.

Madam Hilde ta nufo Eteri, gashi a jiƙe, hannu duk danƙo.

"Kira min maigidanki."

Shi ke nan, ta faru ta ƙare. Eteri ta danna lambar, ta miƙa mata wayar. Ta tsaya tana jin matar tana cewa rabonta da jin daɗin yini irin na yau har ta manta, kuma mako mai zuwa za ta turo ƙawayenta mota guda, da sharaɗin a ba su wannan yarinyar da wannan jagoran, ba wani ba. Eteri ta ji kamar ta rungume dattijon. Ta waiga, ya ɓace a bayan tarakta.

Sai a lokacin ta ji ana dukan ƙofar wani ɗaki da ake binne tulunan giya a ƙasansa, daga ciki. Ta zare sakata. Wani saurayi ya fito da singileti, murya a dushe, ido ja wur.

"Ke ce Eteri? Ni ne Zaza. Tun safe nake a nan."

"Wancan fa?"

Saurayin ya dubi akwatunan da aka tara har rufi, ya dafe kai.

"Babana ne. Ce masa na yi yau ba zan taya shi tsinkar inabi ba, ina da baƙi."