Shafi na Arba'in da Ɗaya

Ranar Talata bayan la'asar, Malama Saratu mai koyar da kimiyya ta shigo ofishin makaranta a Filinge karɓar kundin bincikenta da Mamane sakatare ya buga mata daga rubutun hannunta.

Ya miƙa, bai saki ba. "Malama, babin ƙarshe kin sa masa sentez. Me ke nan?"

"Haɗa abu biyu su haifi na uku. Haka yake a kwalbar gwaji, a ganye, har a rubutu."

"To, ni da ke nake so a haɗa."

Ta daɗe tana kallon yatsunsa. "Ka lura da shafi na arba'in da ɗaya?"

"Na lura. Ba rubutunki ba ne."

"Hannuna ne, amma ba ni ba ce. Iskar da ke hawan kakata a ƙauye ta dawo kaina. Mai aurena, biyu zai aura."

Mamane ya ce, "Duk shafukan na sa musu lamba. Ban ware ko ɗaya ba."

Ta ɗago, idanunta ba sa ƙiftawa. Muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ɗan nan, ni ba ka gaishe ni ba."

Mamane ya saki kundin, ya durƙusa.