Cindon Amarya

Ajiye takardun nan tukuna, ɗana. Na ga sunan Turancin da ka raɗa wa wasan naka, na kuma karanta shafi uku kacal na gane gidan wa kake nufi. Kafin ka kai shi a ɗauka, bari in ba ka misali da wani abu da har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

An yi wani marubucin wasan kwaikwayo a gidan rediyon da na yi aiki, mutum mai kaifin alƙalami, ga shi da son a yaba masa. Yana da yaya mace wadda ta shekara goma sha ɗaya a ɗakin miji ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Mijin ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Aka yi masa canjin aiki zuwa kudu, bayan shekara biyu sai ga su sun dawo da jaririya a goye, dangi suka yi ta zuwa barka. Gaskiyar magana kuwa, a bayan tasha suka tsince ta, an naɗe ta cikin buhun gishiri, da cindo a hannun hagu, wanzami ya cire ya bar ɗan tabo. Mijin ya rasu da maganar a cikinsa. Ita kuma yayar, wata shekara ciwo ya kwantar da ita har ta fid da rai, sai ta kira ƙanen nata ta damƙa masa sirrin amana, don kada ta tafi ba wanda ya sani. Allah da ikonsa ta warke. Shi kuwa labarin ya zauna masa a rai yana ta yi masa ƙaiƙayi, don marubuci da labari mai daɗi sai akuya da dusa.

Ana nan sai ya tsinci wata magana da Turawa ke yawan yi a hirarsu, wai wane yana da ƙwarangwal a ɓoye cikin kabad, wato wani abin kunya da gida ke rufewa. Maganar ta burge shi. Ya ɗauke ta yadda take da Turancinta ya sa wa sabon wasansa, ya juye labarin yayarsa a ciki, sunaye da gari kawai ya canza. Da ya faɗa mini inda ya samo labarin, na ce masa wannan ganganci ne. Ya yi dariya, wai shiri mai sunan Turanci ai na 'yan boko ne, wace tsohuwa ce za ta ɓata lokacinta a kansa? Ka ji wauta. Mutumin da ya girma a tsakar gida, amma ya manta mata ba ruwansu da sunan shiri. Su dai sun san wasan bayan la'asar, rediyo na rataye a jikin katanga, hannu na aiki kunne na biye.

Kashi na tara ya faɗo ranar da ake sa yarinyar nan da aka tsinta lalle, don a lokacin ta girma, za ta auri saurayin da ta zaɓa da kanta. Gida ya cika maƙil, gwaggonnin ango da suka kawo kayan lalle suna zaune a kan tabarma, har ɗayarsu ce ta ce a ƙaro murya kada wasan ya wuce su. Wata tsohuwa a cikin wasan ta fara amayar da abin da ke cikinta: aikin jirgin ƙasa, bayan tasha, buhun gishiri, cindon hannun hagu. A daidai lokacin mai lalle na riƙe da hannun hagun amarya, babban yatsanta a kan tabon. Ta tsaya cak. Babu wadda ba ta san aikin marigayi uban amarya ba, babu kuma wadda ba ta san kawun amarya ne ya rubuta wasan ba, don ana faɗin sunansa a farkon kowane kashi, gidan ma alfahari suke yi da shi. Amarya ta dubi uwar ta ce, "Inna, ni ce?" Gwaggonnin ango suka jawo takalmansu ɗaya bayan ɗaya, suka ce bari su je su dawo. Kafin magariba saƙo ya iso, a ɗaga ɗaurin aure sai an binciki asali. Ba su sake taka ƙofar gidan ba.

Washegari ya je ya durƙusa gaban yayarsa, ya ce, "Wallahi Yaya ban zaci za ku ji ba, da Turanci fa na sa masa suna." Ta dube shi ta ce, "Sunan ka sa da Turanci. Buhun gishirin kuwa da Hausa ka faɗe shi." Tun daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba har ta koma ga Allah. Ni na raka shi ta'aziyya, da idona na ga yarinyar da ya sha ɗauka a kafaɗarsa tana ƙarama ta zo ta wuce shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

To, ɗauki takardunka ka je ka sake tunani. Ka aro rigar Bature ka yafa wa sirrin gidanku, kana zaton ta rufa maka asiri. Hausawa sun riga sun gama magana tun kafin a haife ka: kayan aro ba ya rufe katara.