Inuwar Zanen Hula a Fuskar Waya

Malam Ɗayyabu, na ji kukanka: aikin da ka shekara biyu kana yi, wani ya kankare sunanka ya sa nasa, kuma ba ka da takardar da za ka nuna. Kada ka yi gaggawa. Zauna in ba ka misali tukuna, domin mu haka aka hore mu, a fara kafa misali kafin a yanke magana.

An yi wani mai ɗinkin hula da yake zama a bakin rumfarsa tun hantsi har la'asar. Malamin da ya koya masa sana'ar ya rasu, ya bar masa zane guda a takarda, kuma kafin gara ta gama da takardar sai ya ɗauki hotonta da wayarsa. Kullum yakan jingina wayar a jikin gwangwanin zare, ya buɗe hoton, ya ƙure mata haske saboda rana, ya kuma saita ta yadda ba za ta ɗauke da kanta ba, yana duba zanen yana soka allura. A zanen nan, layi na uku ya ɗan karkace wajen hagu, inda hannun tsohon ya yi rawa. Shi kuwa, don girmama malaminsa, bai taɓa miƙe layin ba, haka yake ɗinka shi da karkatarsa a kowace hula. Bayan shekara da 'yan watanni sai ya lura ko ya rufe hoton, inuwar zanen tana nan dushi-dushi a fuskar wayar. Ya goga da gefen riga, ya hura mata iska ya sake gogawa, ba ta gushe ba. Mai gyaran waya ya ce masa wannan ba datti ba ne. Fuskar irin wannan waya ƙananan fitilu ne birjik, kowace da haskenta. Waɗanda aka bari suna ci a kan abu guda kullum sun riga 'yan'uwansu gajiya, kuma ba sa farfaɗowa, sai dai a canja fuskar ɗungurungum. Ya koma rumfa yana ƙunƙuni, wai ya lalata wayarsa da hannunsa.

Ana nan, ran kasuwa, sai ɗan sane ya zare wayar daga aljihunsa a turmutsutsun tasha. Aka wanke ta tas, babu hoto, babu lamba, aka sa mata sabuwar rigar roba. Bayan wata uku ya je layin masu sayar da wayoyin hannu neman madadi. Yana kunna wata da ke kan tebur, sai ya ga inuwar da ya sani. Ya ce wannan tasa ce. Mai teburin ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Baba, irin wannan dubu nawa ce a garin nan? Ko sunanka ka gani a goshinta?" Mutane suka taru, wasu har sun fara cewa da furfurarsa ya zo ƙwacen kayan mutane da baki. Yanzu ba waya kaɗai ake magana ba, har da mutuncin da ya shekara talatin yana tarawa a kasuwar. Aka kai su gaban shugaban 'yan layin, ya tambayi mai ɗinkin kwalin wayar, babu, ya tambaye shi rasit, babu. Sai mai ɗinkin ya ce, "Ranka ya daɗe, a buɗe farin shafi a wayar, a kare ta daga rana. Ni zan juya baya in faɗi abin da za ku gani." Shugaban ya lulluɓa wayar da hannun babbar rigarsa, ya sunkuya. Mai ɗinkin ya shiga lissafa masa zanen layi bayan layi, kamar mai karanta hadda, har ya zo na uku ya ce, "Wannan ya karkace wajen hagu." Sannan ya cire hular kansa ya miƙa. Aka ajiye ta kusa da wayar, aka ga karkatar da ke jikin zare ita ce a jikin gilashi, ba ƙari ba ragi. Mai teburin ya fara rantsuwa, wai shi ma sayar masa aka yi. Shugaban ya miƙa wa mai ɗinkin wayarsa, ya dubi mai teburin ya ce, "Madalla, ashe ka san wanda ya sayar maka. Sa takalminka mu je ka nuna mana shi."

To ka duba da kyau. Ɓarawon ya goge duk abin da yatsa zai iya gogewa, amma abin da zaman yau da gobe ya zana bai gogu ba, kuma ko ya gan shi, bai san ma'anarsa ba. Haka aikin da mutum ya daɗe a kansa yake, yana ɗauke da wata 'yar karkata da mai shi kaɗai ya san inda take da dalilinta. Ka je wurin manyanku, ka ce a tara ku ku biyu, a buɗe aikin, a tambayi kowa me ya sa wuri kaza ya zama yadda yake. Kai za ka amsa ko ka juya baya, shi kuwa zai tsaya neman rantsuwa. Ba banza Hausawa suka ce ba: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.