Shingen da Marigayiya ta Dasa

Kai da kake cewa ba ka iya tsawata wa abin da kake ƙauna, zauna ka ji. An yi wani magidanci da matarsa ta kewaye ɗan lambunta na bayan gida da dashen darbejiya, itacen da ba ya rabuwa da ganye rani da damina. Duk sanda itatuwan suka kai mata ƙirji sai ta bi kawunansu da almakashi ta datse, su kuwa su yi ta fitar da rassa daga ƙasa, har suka haɗe suka zama shinge kore shar, ko kaza ba ta samun kafar shiga. A ciki take shuka yakuwa da alayyafo da tattasai. Ana nan sai ta kwanta ciwo, ciwon da ba ta tashi ba. Bayan an share makoki, mijin ya ɗauki ban ruwa safe da yamma, amma almakashin ya rataye shi. Maƙwabcinsa ya ga sabon toho ya miƙe, ya ce masa, "Malam, a rage musu kai tun suna da taushi." Ya girgiza kai ya ce, "Hannunta ne ya taɓa su ƙarshe. Ba zan sa musu ƙarfe ba."

Itatuwa suka samu sake, kowanne ya nufi sama yana neman rana. Rassan ƙasa suka bushe suka zube, gindi ya zama fayau. Inuwa ta rufe lambun, yakuwa ta ƙi girma, ɗan abin da ya tsira awaki suka bi ta tsakanin itatuwan suka cinye. Ran da ya tarar da akuya kwance a inda marigayiya take durƙusawa tana cire ciyawa, sai hawaye ya zubo masa. Ya kamo wani reshe zai lanƙwaso shi ya toshe kafar, reshen ya karye a hannunsa. Ya kamo wani, shi ma haka. Daga bisani ya sa aka sare su daidai ƙirji. Wasu suka yi ɗan toho a ka, gindin yana nan tsirara, wasu gara ta cinye. Haka ya ƙarasa tsufansa a tsakanin kututturai, ba lambu, ba shinge. Shi ya sa Hausawa suka ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.