Hannun Maƙerin Tagulla

Tunda ka ce gobe za ka kai kukanka fada, tsaya ka ji wannan tukuna.

A wata ƙasa ta Italiya, zamanin da sarakunansu ke gasar gina fadoji da farin dutse da tara masu zane da mawaƙa, an yi wani maƙerin tagulla da aka sa ya zuba babbar ƙararrawar birni. Ranar bikin ɗan sarki aka fara buga ta, sai ta tsage a gaban baƙi. Sarki ya ji kunya, alƙalai suka yanke a sare wa maƙerin hannun dama. Matarsa ta bi alƙalai, suka ce an riga an buga hatimi. Ta durƙusa wa waziri, ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Wata tsohuwa mai wanki a fada ce ta ja ta gefe, ta ce ta nemi ɗan lelen sarki.

Shi wannan mutum ba shi da sarauta ko ta unguwa. Makaɗin molo ne da sarki ya ji a wata kasuwa, ya taho da shi. Amma da matar ta isa ƙofarsa, sai ta tarar da jakadun ƙasashe tsaye da hulunansu a hannu suna jiran ya fito. An zana fuskarsa a bangon zauren fada, kafaɗa da kafaɗa da ta sarki. Sarki ba ya cin abinci sai yana wurin, ba ya fita farauta sai da shi, har aka ce mahaifiyar makaɗin ta rasu a ƙauye bai samu izinin zuwa jana'iza ba. Ya saurare ta yana gyara tsirkiyar molonsa, bai yi mata alkawarin komai ba. Ya dai ce ta tsaya cikin masu ban ruwa a lambun fada da hantsi.

Daga bayan itatuwan lemo ta hango shi da sarki suna dara, sarki ya tuɓe takalma. Ɗan lelen ya ci wasa, ya yi dariya a fuskar mutumin da waziri ba ya iya haɗa ido da shi. Yana jera 'ya'yan dara sai ya ce, kamar mai zancen damina:

“Ranka ya daɗe, hannun da ya ɓata ƙararrawar nan shi kaɗai ya san inda ta ɓaci. In an sare shi, wa zai zuba mana ta biyu?”

Sarki bai ko ɗaga kai ba. Ya kaɗa yatsu biyu, wani bafade ya ruga. Ba su gama wasan ba aka shigo da maƙerin, an kwance masa sarƙa, yana ƙifta ido saboda hasken rana. Matar ta zauna a bakin kwatami tana kallon makaɗin, wanda tuni hankalinsa ya koma kan dara. Ƙafafunta sun kumbura da bin manya, ga shi magana ɗaya ta karya hatimin alƙalai.

Don haka kafin ka nemi mai rawani, bincika wa yake dariya da shi. Hausawa sun ce: abokin sarki, sarki ne.