Hujin Malam Barau

Tun da kwamfuta ta fara zana kayan inji da kanta, ofishin ya zama kufai. Sallau ne ya rubuta mata umarnin, kuma shi kaɗai ya rage. Hannun abokan aikinsa ya koya mata, sai ta haddace har da karkataccen hujin da marigayi Malam Barau ya saba yi a murfin injin niƙa.

Mai maƙera ya bugo waya. "Injiniya, hujin nan ya sake kaucewa. Ka gyara, ko mu nemi wani."

"To, Alhaji."

Layi ɗaya kawai zai goge a cikin umarnin, hujin ya daidaita. Ya ɗora yatsa, ya dubi kujerar Barau. Sai ya janye hannu, ya ɗauki magagari, ya nufi maƙerar don ya gyara hujin da hannu.