Yatsan Abdulmumini

Abdulmumini ya yar da kekensa a ƙofa, ya faɗa zauren gidan su Aina'u yana haki.

"Aina'u, na samo mafita! Wani a Bici zai yi mini sabuwar lambar katin ɗan ƙasa da wani suna. Bashin takin da ake bi na, wanda ya sa babanki ya dakatar da maganarmu, shi ke nan ya bi tsohuwar lamba!"

Ta dubi hannunsa mai kantar fartanya, ta yi murmushi.

"Suna za ka canja, Malam. Babban yatsan nan fa? Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta riga ta san shi. Lamba ɗaya ake ba mutum har ya koma ga Allah."

Ya dubi babban yatsansa.

"Kuma ni ban yarda a kira sunan baƙo ranar ɗaurin aurena ba. Ka roro wakenka, ka kai kasuwar Dawanau, ka biya mutane."

"Ɗaurin aure kika ce?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai babanta ya yi gyaran murya daga bayan zana.

"Aina'u, tambaye shi, yaushe waken zai bushe?"